Ƙashi yana ɗoruwa: abin da ke raba ɗan wasan NFL da ƙafarsa

Ranar 18 ga Nuwamba, 1985, ana wasan daren Litinin na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, a filin RFK da ke birnin Washington, Lawrence Taylor na New York Giants ya diro wa Joe Theismann na ƙungiyar Washington ta baya. Nauyinsa ya sauka a kan ƙwaurin Theismann na dama, ƙasusuwan ƙwaurin biyu suka karye, tsinin ƙashi ya huda fata. Taylor, wanda kayar da mutane ne sana'arsa, shi ne ya fara miƙewa yana yafuto likitoci hannu bibbiyu. Theismann yana da shekara 36 a lokacin, kuma daga ranar bai ƙara buga wasa ba. Ƙafar ta ɗoru, amma ta ɗan fi 'yar'uwarta gajarta.

Bayan shekara 33 cif, ranar 18 ga Nuwamba, 2018, mai riƙe da matsayin Theismann a wannan ƙungiya ta Washington, wato kwatabak, mai jefa ƙwallo, ya gamu da irin wannan ƙaddara. Alex Smith ne. 'Yan Houston Texans biyu, Kareem Jackson da J.J. Watt, suka kai shi ƙasa. Ƙafar dama, ƙashi biyu, fata a huje. Theismann yana zaune cikin 'yan kallo. Hatta sakamakon wasannin biyu ɗaya ne, 23 da 21.

Masu sharhi suna son ba da labarin wannan dace, kuma da gaskiyarsu, abin mamaki ne. Sai dai hoton ƙafar da ta lanƙwashe inda babu gaɓa yana ɗauke hankalin mutane daga inda haɗarin yake. Karayar Smith an gyara ta a daren. Abin da ya kusa raba shi da ƙafar, har ma da ransa, ya bayyana ne bayan kwanaki, kuma babu kyamarar da ta ɗauke shi.

Kafin a yi nisa sai an warware wata matsala ta harshe. Mu Hausawa kusan komai mai kama da igiya a jikin mutum jijiya muke ce masa, alhali a ƙafa abubuwa huɗu ne mabambanta, kowanne da irin tasa cutar. Akwai jijiyar jini, mai kai jini ƙasa da mai dawo da shi. Akwai jijiyar saƙo, wadda ke taho wa daga laka tana ba tsoka umarni tana kuma kai labarin taɓawa da zafi. Akwai igiyar gaɓa, mai ɗaure ƙashi da ƙashi. Sai agara, mai haɗa tsoka da ƙashi. Idan aka ce "jijiyarsa ta tsinke", to tambayar farko ita ce wacce. Ta jini awoyi take ba likita. Ta saƙo tana iya cin shekara ba ta dawo ba. Igiyar gaɓa da agara kuwa, duk da ihun da ake yi a kansu, su ne aka fi sanin kan gyaransu.

Me ya sa ƙafa take shan wannan wahala a ƙwallon Amurka? 'Yan layin gaba da yawansu sun haura kilo 135, masu gudu kuma suna kai kilomita 32 a awa. Takalmin yana da haƙora da ke kama ƙasa. Idan tafin ƙafa ya kafe, jiki kuma ya ci gaba da tafiya ko wani ƙato ya faɗo daga gefe, ƙarfin dole ya sami mafita. In haƙoran takalmi suka saki, an tsira da faɗuwa. In ba su saki ba, idon sawu ko ƙwauri ko gwiwa ne zai saki. Hular kwano da sulken kafaɗa suna kare sama, amma daga gwiwa zuwa ƙasa babu abin kirki sai safa. Ga kuma dokokin kare kai, waɗanda suka zama dole, amma sun sa masu tsaron baya suna kai hari ƙasa-ƙasa don gudun tara.

A fara da karayar ƙwauri, tunda ita ce mai firgita ido. Abin da likitocin ƙungiya ke yi a minti biyar na farko a fili ba shi da yawa, amma jerinsa yana da muhimmanci. Za a taɓa bugun jini a wuri biyu, a gadon ƙafa da kuma bayan ƙashin idon sawu na ciki. Za a ce wa ɗan wasan ya motsa yatsu, a taɓa fatar tsakanin babban yatsa da na biyu a ji ko yana ji. In akwai rauni a buɗe, a rufe shi da bandeji mai tsabta da aka jiƙa da ruwan gishirin asibiti, ba a tono, ba a wanki a kan ciyawa. Sannan a ja ƙafar a hankali a miƙar da ita, a saka ta cikin matashin ɗauri da ake zuƙe wa iska har ya sandare ya ɗauki siffar ƙafar, a sake taɓa bugun jini. Sake taɓawar nan ba a tsallake ta, domin miƙarwar kanta tana iya buɗe jijiyar da ta lanƙwashe, tana kuma iya matse ta. Daga nan sai motar ɗaukar majinyaci. Kowane filin NFL yana da na'urar hoton ƙashi a cikinsa, saboda haka kafin a isa asibiti an riga an san siffar karayar.

Idan fata ba ta huje ba, aikin a yau ya zama kusan na yau da kullum. Ana shiga ta wajen gwiwa, a rarake ramin ɓargo, a zura sandar ƙarfe, galibi ta titaniyom, tun daga sama har kusa da idon sawu, a kulle ta da kusoshi sama da ƙasa don kada ƙashin ya juya ko ya gajarce. Ƙaramin ƙashin da ke gefe sau da yawa ba a ma taɓa shi, tunda kaso kaɗan na nauyin jiki yake ɗauka. Ƙashin ƙwauri yakan haɗe cikin wata huɗu zuwa shida. Tim Krumrie na Cincinnati Bengals ya karya duka biyun a Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar, na Janairun 1989, aka saka masa sanda, ya dawo ya ƙara kaka shida. Aidan Hutchinson na Detroit Lions ya karya nasa a Dallas ranar 13 ga Oktoba, 2024, aka yi masa tiyata a can Texas, da aka buɗe kakar 2025 yana cikin fili. Ƙashi yana da wata baiwa da sauran sassan ba su da ita: da ƙashi yake warkewa, ba da tabo ba.

Hujewar fata ita ke canja lissafin gaba ɗaya. Taɓa gaban ƙwaurinka ka ji: babu tsoka, fata ce kawai a kan ƙashi. Kashi ɗaya bisa uku na ƙasan ƙwaurin kuma jini bai wadace shi ba. To idan ƙashi ya leƙo waje ya koma, ya kwaso duk abin da ke kan safa da ciyawa ya kai ciki, wurin da jinin da zai yaƙi ƙwayoyin cuta ba shi da yawa. Likitocin ƙashi suna rarraba irin wannan karaya da ma'aunin Gustilo da Anderson. Mataki na ɗaya, raunin bai kai santimita ɗaya ba. Na biyu, daga ɗaya zuwa goma. Na uku, ya wuce haka ko nama ya dagargaje, kuma mafi muninsa shi ne wanda jijiyar jini ta yanke. Abin da ya fi rage haɗarin ruɓewa shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya, yawanci sefazolin giram biyu, ko uku ga wanda ya haura kilo 120, wanda a NFL ba baƙon abu ba ne. A haɗa da rigakafin tetanus. A ɗakin tiyata kuma a yanke duk naman da ya mutu, a ɗauraye da ruwan gishiri, bisa al'adar likitoci lita uku ga mataki na ɗaya, shida ga na biyu, tara ga na uku.

Ko an yi duk wannan, ba a gama tsira ba. Smith ya sami kulawar da kuɗi ke iya saye, amma bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya rufe shi, fatar ƙafar ta fara baƙi tana bororo. Cutar nan ce mai cin nama, wadda ke bin shimfiɗar da ke lulluɓe da tsoka tana gudu kamar wutar daji, har ta shiga jini. Magani shi kaɗai ba ya tsayar da ita, domin jijiyoyin da za su kai maganin wurin sun toshe. Wuƙa ce kawai. A shiga a yanke har sai an iske nama mai fitar da jini, a dawo bayan kwana ɗaya ko biyu a sake dubawa, a sake yanka. Da aka gama, gaban ƙwaurin Smith ƙashi ne tsirara. Sai aka ɗebo tsoka daga cinyarsa ta hagu tare da jijiyoyinta na jini, aka ɗinke su da na ƙafar dama a ƙarƙashin madubin ƙara girma, aka shimfiɗa fata a kai. Ƙashin kuma aka riƙe shi daga waje da zobban ƙarfe masu wayoyi da suka ratsa ƙafar, ya ɗauke su kusan wata takwas. Tiyata 17 gaba ɗaya. Raunin ya fi kama da na wanda ya taka nakiya, shi ya sa aka ba shi izini na musamman ya yi gashi da motsa jiki a Center for the Intrepid da ke San Antonio, cibiyar da aka gina don sojojin Amurka da suka jikkata a yaƙi.

Ya dawo fili ranar 11 ga Oktoba, 2020, a wasa da Los Angeles Rams, bayan kwana 693, sanye da abin tallafe ƙafa domin tsokar da ke ɗaga tafinsa ta tafi. An kayar da shi sau shida a wasan, har Aaron Donald na Rams ya ɗare bayansa, ƙafar ta riƙe. A wannan rana dai, a Texas, idon sawun Dak Prescott na Dallas Cowboys ya karye ya goce, ƙashi ya fito, bayan Logan Ryan na Giants ya kayar da shi. An shiga da shi tiyata a daren, raunin bai ruɓe ba, kakar 2021 da shi aka fara. Karaya biyu masu hujin fata: ɗaya wata goma sha ɗaya, ɗaya kusan shekara biyu, kuma Smith ya yi ritaya a Afrilun 2021.

Akwai wata matsalar da ke biyo bayan karayar ƙwauri ko da fata lafiya lau take. Tsokokin ƙasan gwiwa suna cikin ɗakuna huɗu ne, kowanne a naɗe da fata mai tauri da ba ta miƙewa. Jini da kumburi suka taru a ciki, matsi ya hau, ƙananan hanyoyin jini su rufe, tsoka ta fara mutuwa cikin kamar awa shida. Alamarta ta farko zafi ne da ya wuce misali, wanda allura ba ta kwantar da shi, kuma yana ƙaruwa idan wani ya lanƙwasa yatsun majinyacin. Kuskuren da aka fi yi shi ne jiran bugun jini ya ɓace. Bugun yana nan har bayan tsokar ta mutu, domin babbar jijiya tana iya wucewa ta cikin ɗakin da ƙananan suka riga suka toshe. In ana shakka, ana soka allurar auna matsi, kuma idan tazarar da ke tsakaninsa da ƙaramin lambar awon jini ta gaza 30, a tsaga ƙafar ta gefe biyu a buɗe ɗakunan huɗu. Wannan bayani ba na 'yan ƙwallon Amurka kaɗai ba ne. Karayar da haɗarin babur ke jawowa a titunanmu irinta ce sak, kuma ɗorin da aka tamke da karare a kan ƙafar da ke kan kumbura yana haifar da wannan matsin daga waje. Likitocin ƙashi a arewa sun daɗe suna ganin ƙarshensa.

Raunin da ya fi tayar wa likitan ƙungiya hankali shi ne gocewar gwiwa. A bambanta ta da gocewar ƙoƙon gwiwa, domin 'yan jarida kan haɗa su. Ƙoƙon gwiwar Patrick Mahomes ya goce a Denver a Oktoban 2019, aka mayar masa da shi nan take a fili, wasa biyu kawai ya rasa. Gocewar gwiwa ta ainihi ita ce ƙashin cinya da na ƙwauri su rabu da juna. Igiyoyi huɗu ne manya ke riƙe da su: biyu masu gicciye a tsakiya, ta gaba da ake kira ACL da ta baya PCL, sai ta gefen ciki MCL da ta gefen waje LCL. Kafin gwiwa ta goce, yawanci biyu ko uku sun tsinke. Amma ba su ne abin gaggawa ba.

A bayan gwiwa babbar jijiyar jini ta ƙafa take wucewa, kuma a ɗaure take sama da ƙasa, ba ta da wurin kaucewa. Ƙashi ya goce, sai ta miƙe kamar igiyar guga, ta tsinke ko fatarta ta ciki ta yage. Yagewar cikin ce mai yaudara: jini yana wucewa da farko, bugu yana nan, sai bayan awoyi gudan jini ya toshe wurin. Ƙari a kan haka, kusan rabin gwiwoyin da suka goce suna komawa da kansu kafin likita ya iso, ƙafar ta yi kamar ba abin da ya same ta sai kumburi. Saboda haka duk gwiwar da ke lilo ta ɓangare fiye da ɗaya ana ɗaukar ta goce ne har sai an tabbatar da akasin haka. Ana auna hawan jini a idon sawu da a hannu, a raba na farko da na biyu. Ya gaza 0.9, a wuce hoton jijiyoyi na CT. Ko bai gaza ba, a kwantar da mutum ana sake aunawa. Wa'adin awa shida zuwa takwas ne. Tsofaffin bincike sun nuna cewa idan aka wuce awa takwas ba a maido da jini ba, fiye da takwas cikin goma na irin waɗannan ƙafafu yanke su ake yi.

Zach Miller na Chicago Bears ya cafke ƙwallo a gidan ci, wato ƙarshen fili inda ake cin maki, a New Orleans ranar 29 ga Oktoba, 2017, ya diro a kan ƙafar hagu, gwiwar ta lanƙwashe baya ta goce. Babu wanda ya doke ta. Ma'aikatan lafiya sun lura jini ba ya isa ƙasa, aka garzaya da shi asibiti, likitocin jijiya suka ciro jijiya daga ɗaya ƙafar suka yi wa wadda ta yage gada. Daga lafiyayyar ƙafar ake cirowa domin mai raunin tana bukatar duk hanyoyin da suka rage mata na dawo da jini. An ceci ƙafar, bayan tiyata tara, amma wasa ya ƙare. Haka ta faru da Napoleon McCallum na Raiders a Satumban 1994: jijiyar jini, igiyoyi uku, da jijiyar saƙo, duk a faɗuwa ɗaya. Teddy Bridgewater na Minnesota Vikings kuwa, a atisaye tasa ta goce a ƙarshen Agustan 2016, ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Jijiyoyinsa sun tsira, shi ya sa ya dawo ya yi shekaru yana wasa. Sunan raunin ɗaya ne, abin da ya bambanta su milimitoci ne a bayan gwiwa.

Idan jini ya daidaita, gyaran igiyoyin ba a cika yin sa a zama ɗaya ba. Nick Chubb na Cleveland Browns, wanda Minkah Fitzpatrick ya doki gwiwarsa ta hagu a Pittsburgh ranar 18 ga Satumba, 2023, dukan da gidan talabijin ya ƙi maimaita hotonsa, an fara gyara masa gefen ciki da guringuntsi, sai bayan makonni aka koma aka yi ACL. Dalilin shi ne gwiwar da aka yi wa komai lokaci ɗaya tana kumbure tana iya sandarewa, kuma sandararriyar gwiwa ta fi mai lilo wuyar magani. Wannan gwiwar dai ita ce ta goce masa a 2015 yana jami'ar Georgia. Ya dawo a Oktoban 2024.

Sai jijiyar saƙo, wadda a ganina ita ce mafi rashin tausayi. Tana zagaye kan ƙaramin ƙashin ƙwauri ta gefen waje, daf da fata, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na gwiwoyin da suka goce suna taɓa ta. Ita ke ba da umarnin ɗaga tafin ƙafa. In ta mutu, ƙafa ta riƙa ja, yatsu na sharar ƙasa. Ba a yi mata gaggawa, ba a kuma iya hanzarta ta: tana tsirowa kamar milimita ɗaya a rana, in ma za ta tsiro, tsokar da ke jiran ta kuma bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta daina karɓar saƙo har abada. Jijiyar da aka ja ta miƙe ta fi wadda aka yanke wuyar gyara, domin ɓarnar ta bi tsawonta, babu baki biyu masu kyau da za a ɗinke. Jaylon Smith ya ji wannan rauni a wasansa na ƙarshe a jami'ar Notre Dame ranar 1 ga Janairu, 2016. Da ana sa ran za a ɗauke shi cikin 'yan farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, sai ya faɗo zagaye na biyu, ya zauna kakar 2016 gaba ɗaya a Dallas yana jira, ya fara wasa da abin tallafe ƙafa. Shi ya yi sa'a. Wanda tasa ba ta dawo ba, ana karkato masa wata agara daga bayan ƙwauri zuwa gadon ƙafa. Tafiya za ta gyaru, amma ba gudun NFL ba.

ACL ita kaɗai ba sai an daɗe a kanta ba. Ba a ɗinke ta, sabuwa ake dasawa, kuma ga 'yan NFL an fi yanko tsakiyar agarar ƙoƙon gwiwa, faɗin kamar milimita goma da guntun ƙashi a kowane baki, domin ƙashi da ƙashi sun fi saurin haɗewa a cikin ramin da aka huda. Dashen yakan yi rauni a watannin farko kafin jini ya shige shi, daidai lokacin da ɗan wasa ke jin ya warke. Wata tara zuwa goma sha biyu ne ƙa'ida. Adrian Peterson ya tsinka tasa ranar 24 ga Disamba, 2011, ya dawo ya yi gudun yadi 2,097 a 2012, aka ba shi gwarzon kaka. Wannan abin ya cuci na bayansa, domin tun daga nan magoya baya ke auna kowa da shi.

Agarar dunduniya ma haka. Takan tsinke santimita biyu zuwa shida sama da diddige, inda jini ya fi ƙaranci, kuma mai ita yakan waiwaya yana neman wanda ya harbe shi. Gwajinta ba ya bukatar na'ura: a kwantar da mutum rubda ciki a matsa sha-raɓarsa, in tafin bai motsa ba, ta tafi. Aaron Rodgers tasa ta tsinke a tashi na huɗu na wasansa na farko a rigar New York Jets, 11 ga Satumba, 2023. Cam Akers na Rams ya dawo cikin ƙasa da wata shida, amma dawowa daban, ƙarfin tashi daban. Abin tsoro a nan shi ne agarar ta warke da tsawo fiye da na da, tsoka ta riƙa ja ba ta samun abin da take ja. Shi ya sa ake saka dunduniya a takalmin jinya mai tudu, ana rage tudun kaɗan-kaɗan.

Raunin da ya fi kowanne ɓoye kansa na Bo Jackson ne, ɗan wasan Raiders da ke buga besbol shi ma. Ranar 13 ga Janairu, 1991, a wasa da Bengals, aka riƙo ƙafarsa yana cikin gudu, kwatangwalonsa na hagu ya goce. Kayarwar ba ta da wani muni a ido. Amma hanyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya sun lalace, ƙashin ya mutu a hankali, guringuntsin ya bi shi. A 1992 aka saka masa kwatangwalon roba da ƙarfe. Ya koma wasan besbol, ƙwallon Amurka kuwa har abada.

Dokokin NFL na kare ƙafa kusan kowacce akwai ƙafar da aka karya kafin a kafa ta. Finciko mutum ta wuyan riga daga baya an hana shi a 2005, bayan Roy Williams na Dallas ya karya wa Terrell Owens ƙaramin ƙashin ƙwauri a Disamban 2004. Owens ya buga Super Bowl bayan mako bakwai da kusoshi a idon sawu, ya cafke ƙwallo tara, abin da likitansa bai amince da shi ba. Dukan kwatabak a gwiwa an tsaurara shi bayan raunin Carson Palmer a Janairun 2006, aka ƙara bayan na Tom Brady a 2008. Haɗuwar mutum biyu a kan ɗaya, wani sama wani a cinya, an gama haramta ta a 2016. Sai ta Maris 2024, wadda ta hana wannan salon kayarwa: mai tsaro ya rungumi mai gudu, ya juya, ya saki nauyinsa ya zauna a kan bayan ƙafafunsa. NFL ta ce wannan salo yana jawo rauni ninki 20 zuwa 25 fiye da kayarwa ta yau da kullum. Shi ya fasa wa Mark Andrews na Baltimore ƙashi a Nuwamban 2023. Hukuncinsa asarar yadi 15 ga ƙungiyar mai laifin, sai dai alƙalai ba sa iya ganinsa a guje, saboda haka an fi hukunta shi da tarar kuɗi bayan wasa. Ƙungiyar 'yan wasa ta yi adawa da dokar, masu tsaro suna tambaya: sama an hana, ƙasa an hana, baya an hana, ina za mu kama? Tambayar tana da ƙarfi, amma wanda ya kalli yadda tafin ƙafa ke murɗewa waje a ƙarƙashin kilo ɗari da wani abu zai gane dalilin dokar.

Rigimar da ba ta mutu ba ita ce ta ciyawar roba. A 2020 shugaban ƙungiyar 'yan wasa na lokacin, JC Tretter, ya fitar da alƙaluman 2012 zuwa 2018: raunin ƙafa da ba na karo ba ya fi yawa da kashi 28 cikin ɗari a kan roba, na gwiwa da kashi 32, na tafi da idon sawu da kashi 69. Bayanin yana da sauƙin fahimta. Ciyawar Allah tana tsigewa ta saki takalmi, roba ba ta tsigewa. Hukumar gasar tana cewa a wasu shekarun bayan nan tazarar ta kusa rufewa, kuma filin ciyawa mara kyau shi ma haɗari ne. Gaskiya ne Kirk Cousins a filin Lambeau mai ciyawa agararsa ta tsinke, mako bakwai bayan Rodgers. Amma masu filaye suna son roba ne domin ana iya yin kaɗe-kaɗe da taruka a kanta duk mako, kuma wannan dalilin ba na lafiya ba ne.

Daga nan sai kuɗi. Yawancin kwantiragin NFL ba duka aka ba da tabbacin biyansa ba, saɓanin na ƙwallon kwando. Smith yana da tabbacin dala miliyan 71 cikin 94, shi ya ba shi damar jinyar shekara biyu hankali kwance. Prescott a kwantiragin shekara ɗaya yake lokacin da ya karye, amma kwatabak ne da ba a samun madadinsa, a Maris 2021 ya sa hannu a kan dala miliyan 160 na shekara huɗu. Chubb, mai gudu da ƙwallo, sai da ya yarda aka rage masa albashi kafin ya zauna a Cleveland. Miller kuwa kwantiraginsa a ƙarshen kakar yake ƙarewa, kuma ƙwallon da ya ba da gwiwarsa a kanta alƙalai sun duba bidiyo sun soke ta, suka ce bai gama riƙe ta ba. A 2018 Bears suka ba shi kwantiragin shekara ɗaya mai tabbacin dala 458,000 ko bai taka fili ba, don ya ci gaba da jinya a hannun likitocin ƙungiyar. Ya sanar da ritayarsa a Afrilun 2019.